Riƙe Ciki, Saki Numfashi

"Yaya Naja, na ji an ce ke za ki yi rubutun. To don Allah abu ɗaya nake roƙo. Ki ce malamar makaranta ce, ta yi aikin gwamnati ta gama lafiya. Maganar rawar nan a bar ta."

Malama, Habibullah ne, ɗanki, yake faɗa mini haka a zauren gidanku na Gumel ranar sadakar uku. Yana magana yana kallon tabarma. Na ce masa na ji. Ban ce na yarda ba, shi ma bai tambaya ba, aka kira shi waje, wasu masu gaisuwa sun iso daga Maigatari.

Ga wanda labari bai kai masa ba: Allah ya karɓi ran Malama Kyauta Ɗanzomo ranar Laraba, 16 ga Afrilu, 2025, da hantsi, a ɗakinta, bayan doguwar jinyar shanyewar ɓarin jiki. An yi mata sutura bayan la'asar. Na Allah ne mu, kuma wurinsa muka nufa. Ta bar ɗa ɗaya da jikoki, da mata masu yawa a Jigawa da Kano waɗanda har yau in za su ɗaga bokitin ruwa sai sun ɗan tsuke mara, ba su ma san daga ina suka samo ɗabi'ar ba.

Ƙungiyar tsofaffin ɗalibai ce ta ɗora mini wannan ta'aziyya, wai ni ce na iya rubutu kuma ba na kuka. Na biyun ya fi zama gaskiya. Lokacin da Sauda, ƙawata tun aji ɗaya, ta kira ni a waya ta ce kin cika, ina asibiti a Kano inda nake aikin gashin ƙashi, hannuna a kan gwiwar wani dattijo. Na ce mata to. Na gama da gwiwar, na wanke hannu, na shiga mota. Har na wuce Gezawa abin da ke raina shi ne ko na kashe fanka a gida. Zuwa yau da nake wannan rubutu ba abin da ya canja sosai. Ina cin abinci, ina barci. In an yi mini gaisuwa ina amsawa daidai.

Malama, ɗanki yana so in ce ke malamar makaranta ce. Gaskiya ne. A takarda malamar motsa jiki ce ke a makarantarmu ta kwana ta 'yan mata, mai busa usur da sassafe. Amma babu ɗalibar da ta tuna ki da usur. Mun tuna ki da rawar da kika haɗa mana don gasar makarantu, wadda kika ɗebo daga gaɗar ƙauyenku da abin da kika gani wurin matan tsallaken iyaka. Ƙarshenta shi ne komai: layi guda na 'yan mata, kowace da ƙwarya a ka, su yi ta juyi a wuri ɗaya har zani ya buɗe, mai kalangu ya katse kiɗa ba sanarwa, su tsaya cak. Ba tangaɗi, ba ƙarin taku, ƙwarya tana nan inda take.

Ranar farko ba ki koya mana komai ba. Kin ce mu yi hajijiya irin ta yara, mu yi ta juyawa. Muka zube a yashi ɗaya bayan ɗaya muna dariya. Sai kika ja layi da ƙafa a ƙasa, kika cire takalmi, kika juya har muka gaji da kallo, kika tsaya, kika bi layin nan a miƙe kamar mai zuwa kasuwa. Kika ce, "Juyawa kowa ya iya. Akuya ma in ƙuda ya dame ta tana juyawa. Tsayawa na zo koya muku."

Daga nan kika sa mu tsaya da ƙafa ɗaya mu yi tari. Kika ce wurin da ya motsa da muka yi tarin, shi ake kira ciki. Ba tumbi ba, ba ma'ajiyar tuwo ba. Ɗamara ce da Allah ya ɗaura wa kowa daga cibiya ta zagaya zuwa gadon baya, kuma duk wadda tata ta kwance, kafaɗunta za su tafi gabas ƙugunta ya tafi yamma, ƙafa ta rasa wanda za ta bi. Da muka ji haka sai kowace ta ƙanƙame jiki ta ɗauke numfashi, ido ya yi ja, muka fi da saurin faɗuwa. A nan umarninki ya cika, wanda duk wadda ta bi ta hannunki za ta iya faɗa ko cikin barci: "Riƙe ciki, saki numfashi."

Ƙwaryar atisaye ba kya cika ta da ruwa. Rabi kike zubawa. Cikakkiya, kika ce, tana rufa wa mutum asiri. Rabin ce ke tangal-tangal ta tona wajen da kika karkata. Kuma kowace sai ta zaɓi abu ɗaya ta ajiye ido a kai, reshen darbejiya ko tagar ɗakin karatu, jiki ya tafi ya bar kai, sannan kai ya zabura ya riga jiki dawowa. Akwai 'yan matan da suka tashi da daka da jan guga, cikinsu kamar katako, muka ɗauka su za su fi kowa. Wasunsu sun fi kowa faɗuwa. Kin ce ƙarfi daban, riƙo daban: mai ƙarfi ta san ta matse, mai riƙo ta san yaushe da kuma gwargwadon yaya. Ban sake jin wannan bambanci a bakin kowa ba sai a jami'a, a cikin kalmomi masu tsawo.

Ni a layin baya kika ajiye ni, kuma ba ki zalunce ni ba. Ina kallon ƙafafuna, ina lissafin abin da zai faru in na faɗi. "Naja'atu," kika ce, "kanki ya fi cikinki nauyi." Shekaru sun tabbatar.

Yanzu ga abin da Habibu yake gudu. Na tambayi Sauda kafin in rubuta, domin rabin labarin nata ne. Ta ce in rubuta da manyan baƙi.

Sauda 'yar Gagarawa ce. A farko ba ta fi mu ba. Sai aka yi dogon hutu, ta yi shi tana bin kan kunya a gonar riɗin babanta da tulu rabin ruwa a ka. Ta dawo ta zama wata daban. In ta juya kamar an kafa ta da turke. Ranar ziyarar iyaye, muna atisaye a bayan ajujuwa, wata yarinya ta sake zubewa, kika ɗaga murya yadda kika saba:

"Ke matsalarki ba ki da ciki. Dubi Sauda. Hutu ɗaya ta yi a gida ta dawo mana da cikinta. Kowa ta yi ƙoƙari ta samu kafin gasa."

Mu ba mu ji komai a maganar ba. Amma a bayan katanga akwai iyaye a kan tabarmi da kwanukan dambu. Kafin ranar kasuwar Maigatari, labari ya kai har wurin masu sayar da raƙuma: wata ɗaliba ta yi ciki, malamar rawa ta yaba mata a bainar jama'a, ta ce saura su yi koyi. Baban Sauda ya zo ya tafi da ita ba tare da ya yi wa kowa sallama ba.

Kin hau ɗan acaɓa kin bi su har Gagarawa. Sauda ta ce kin durƙusa a ƙofar gida kin gaida mutumin, kin yi masa bayani, bai gane ba. Kika ce ya miƙe ya tsaya da ƙafa ɗaya ya yi tari. Dattijo da gemunsa, a gaban maƙwabta. Bai yi ba, amma daga baya matarsa ta kama shi yana gwadawa a bayan rumbu. An kira ungozoma duk da haka, ta duba yarinya ta ce ba komai. Sauda ta dawo makaranta da sharaɗin ba ita ba rawa. Gasar shekarar an yi ta ba ita. Ke kuma takarda ta zo, aka mayar da ke wata ƙaramar makaranta a yankin Sule Tankarkar, inda babu fili, babu mai kalangu. Ba wanda ya ce hukunci ne. An ce ana buƙatarki a can.

Labarin ya wanke Sauda amma bai taɓa wanke ki ba, saboda gyara ba ya tafiya nisan da ɓarna ta yi. Habibu yana firamare lokacin. Yara suka sa masa suna ɗan mai raba ciki, suna bin sa da shi har gida. Babansa ya riga ya rasu, babu wanda zai je ya yi magana. Ya girma ya zama mutum mai kamewa, ma'aikaci a ƙaramar hukuma, mai sahun farko a masallaci, wanda ko a biki ba ya tsayawa inda ake kiɗa. In ya ce a bar maganar rawa, ba kunyarki yake ji ba. Yaron nan ne da ake bi da waƙa yake magana. Na san haka, shi ya sa ban yi masa gardama a zaure da farko ba.

Abin da ya ba ni mamaki shi ne ba ki canja kalmar ba. Na taɓa ce miki da kin ce tsakiyar jiki, ko ƙugu, da duk wannan bai faru ba. Kika dube ni kamar na ce ki canja sunan mahaifinki. "Ƙugu ƙugu ne. Ciki sunansa ciki. Farin ciki a ina yake? Baƙin ciki fa? Duk abin da ke kayar da mutum ko ya tsayar da shi a nan Bahaushe ya ajiye shi. Don wasu sun san ma'ana ɗaya tak, sai in bar sauran?" A Sule Tankarkar ma, na ji, kina tara matan unguwa masu jego a tsakar gida kina koya musu yadda za su tashi daga tabarma ba tare da baya ya riƙe ba. Da kalmar dai.

Ba zan mayar da ke waliyiya ba, ba za ki so ba. Kina da faɗa, kuma in kin ƙi abu kin ƙi shi. Da na dawo daga jami'a na gaya miki cewa jiri a cikin kunne yake farawa, akwai wani ruwa a can da ke ci gaba da juyawa bayan mutum ya tsaya, kuma idon sawu da tafin ƙafa suna da nasu rabon a tsayuwa, ciki kaɗai ba ya yi. Kika ce, "Kunne na kiɗa ne." Na kawo miki hoto a littafi. Kika ce hoton ya yi kyau. Har kika bar duniya ba ki yarda ba, kuma har yanzu ni ce da gaskiya. Ban ga amfanin da hakan ya yi mini ba.

Da ciwon ya same ki, ɓarin hagu ya tafi. Na riƙa zuwa Gumel a ƙarshen mako. Matar da ta koya wa layi guda na 'yan mata tsayawa cak, sai ga shi ana koya mata juyawa a kan katifa. Na ce ki lanƙwasa gwiwar dama, ki kai ido inda za ki, ki riƙe ciki. Bakinki ya karkace lokacin, magana tana fita da ƙyar, amma na ji ta sarai:

"'Yar layin baya."

"Ita ce ta rage miki, Malama."

"Allah ya isa," kika ce, kika juya.

Ba ki da daɗin jinya. Kina ƙin sanda, kina cewa ta tsofaffi ce. Kina gyara mini tsayuwa ina tsakiyar gyara miki taki. Amma kin zauna, kin miƙe, daga baya kin taka daga ɗaki zuwa bakin rijiya. Abin da ya fi ba ki wuya shi ne abin da ke ba duk masu irin ciwonki wuya: in an kai ƙarshen tafiya, a juyo. A nan mafi yawansu ke faɗuwa. Ranar da kika fara juyowa ke kaɗai, kin ajiye ido a kan ƙusar da ake rataye tsintsiya, kin yi shi da ƙananan taku kamar mai tsoron tada barci. Da kika gama kika tsaya, kika ɗan ɗaga haɓa, irin ɗagawar da muke yi in kiɗa ya katse. Ban tafa ba. Na rubuta a zuciyata cewa ƙafar hagu tana jan ƙasa.

Ni ina zuwa ne in tafi. Habibu ne yake nan kullum. Shi yake ɗaga ki da safe, ya kai ki, ya dawo da ke, shi da matarsa, shekara da shekaru, ban taɓa jin ya yi tsaki ba. Duk wanda zai karanta wannan ya ga kamar na saɓa masa, ya fara sanin wannan.

Ranar Laraba na iso kafin a yi miki wanka. Wata tsohuwa 'yar uwarki da Sauda ne suka yi, aka ce in shiga in taimaka da juyawa tunda aikina ne. Abin da aka gani a wurin wanka ba a faɗa, ba zan faɗa ba. Abin da hannuna ya ji kawai zan ce. Na juya marasa lafiya ba adadi. Ko wanda jikinsa ya mutu rabi, ko wanda bai san inda yake ba, in ka sa hannu a kafaɗa da ƙugu ka fara juya shi, akwai wani abu a tsakiya da ke amsawa, ko da kaɗan ne. Tsohuwar ta ce, "A juya ta dama." Na sa hannu. Kafaɗa ta tafi, ƙugu ya tsaya sai da na kai shi. Ba abin da ya amsa. A nan na san kin rasu, ba a waya ba. Na lura da shi yadda nake lura da abubuwa a wurin aiki, muka ci gaba.

Da yammacin ranar uku, mutane sun ragu, na yi wa matan gida sallama. Sauda tana raba wa maƙwabta sauran waina tana ba su labarin tulu, tana cewa cikin da aka yi mata sharrinsa ta yi shi daga baya har ta gaji, duka a ɗakin aure. Suna dariya suna share ido. Habibu ya rako ni zaure.

Na ce, "Habibu, zan sa maganar rawa."

Sannan ya ce, "To ko rawar ce, a bar maganar cikin nan."

"In na cire ta ba abin da ya rage. Sai usur."

Ya jingina da bango. Na ɗauka zai yi fushi, kuma da ya yi da ban ga laifinsa ba. Sai ya ce, "Kin san ƙasar maƙabartar nan yashi ce. Ni na shiga na karɓe ta. Da aka miƙo ta, gefen ya zame a ƙarƙashin ƙafata, ga ta a hannuna, ga mutane a kaina. Wallahi Yaya Naja, muryarta na ji. Ba addu'a na tuna ba, Allah ya yafe mini. Riƙe ciki na ji." Ya shafa fuska. "Ban faɗi ba. Na kwantar da ita a damanta yadda ya kamata."



"Ki sa," ya ce. "Yaran da suka yi mini waƙa duk sun yi furfura. Amma ki sa cewa ba ta taɓa faɗuwa a fili ba."

Don haka ga shi na sa: Habibullah ya ce ba ki taɓa faɗuwa a fili ba. Abin da ya faru a bikin Sauda, da ni da ke da ɓawon kankana, ya tsaya a tsakaninmu.

Allah ya jiƙanki, Malama Kyauta. Allah ya sa jinyar da kika sha ta zame miki kankarar zunubi, ya yafe miki faɗanki da gardamarki, ya yafe wa waɗanda suka ji rabin magana suka tafi da ita kasuwa. Ya yalwata miki makwanci, ya haskaka shi. Ranar da ƙafafu za su zame a kan siraɗi, Allah ya tabbatar da taki. Ina miƙa ta'aziyya, a madadin duk waɗanda kika koyar, ga Habibullah da iyalinsa, da danginki na Ɗanzomo, da matan Sule Tankarkar da suka zo a bayan a-kori-kura cikin wannan zafi. Allah ya ba ku haƙuri, ya saka wa Habibu da abin da ɗa nagari ya cancanta. Mu da muka rage, Allah ya sa mu cika da imani.

Na sa takalmi na fito. Habibu ya riƙe ƙyaure, ya ce bari ya rufe, awakin unguwa sun gano akwai shinkafa a gidan. Sai ya tsaya.

"Yaya Naja, tun Laraba nake kallonki. Rabin farko kawai kike yi."

"Na me?"

"Na maganarta. Kin riƙe. Saura ɗayan."

Na ce masa zan gwada a hanya. Ya ce Allah ya kiyaye, a gaida mutanen Kano. Ya turo ƙyauren ya rufe, na ji ya sa sakata. Na juya, na nufi inda na bar mota.